Gwanayen da Ke Adana Kurmi a Cikin Kabad

A gabashin Afirka ta Kudu, inda ƙasa ke gangarowa daga duwatsun Drakensberg har ta tarar da Tekun Indiya, akwai wasu kurame masu ban sha'awa. A tsakani suke zaune: sun fita daga tsakiyar yankin zafi inda kurmin Kwango yake, amma ba su kai ƙasashen hunturu da ƙanƙara ba. Ruwan teku mai ɗumi da ke bi ta gaɓar yana turo musu danshi, ganye ya zauna kore shar rani da damina. Ba su da faɗi. Duk kurmin asali na ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 na girmanta ba, kuma a warwatse yake, guntu nan guntu can: wani a kan tudun rairayi na bakin teku, wani a cikin kwazazzabo, wani a gefen tsauni inda hazo ke kwana. Amma a cikin waɗannan guntaye akwai itatuwa da ganyaye da ba a samun su ko'ina a bayan ƙasa sai nan.

Wanda ya ɗauki littafin itatuwan wannan yanki, irin wanda Elsa Pooley ta wallafa a 1993, zai tarar da kowace itaciya da sunanta, da siffar ganyenta, da watan da take fure, da 'yar taswirar inda take fitowa. To, wa ya gani? Wa zai tsaya ya ce itaciya kaza tana cikin kwarin kogi kaza, kuma ita ce, ba 'yar'uwarta mai kama da ita ba? Amsar tana cikin wasu ɗakuna a jami'o'i da lambunan gwamnati, cike da kabad, kowane kabad cike da fayil, kowane fayil ɗauke da takardu masu kauri, a kan kowace takarda an manna busasshen reshe da bayaninsa. Wannan ita ce ma'ajiyar busassun tsirrai. Haɗa irin wannan takarda sana'a ce ta gaske, kuma masu ita sun cancanci yabo, domin duk abin da aka sani game da tsirran kurmi yana tsaye ne a kan hannuwan da suka matse reshe da kyau, suka kuma rubuta gaskiya a gefensa.

Sana'ar ta tsufa, kuma a jami'a aka haife ta. A ƙarni na 16 wani malami a Italiya, Luca Ghini, wanda ya koyar a Bolonya da Pisa, ya riƙa matse tsirrai tsakanin takardu har su bushe, domin ɗalibansa su sami abin dubawa ko da hunturu ya kashe lambu. Almajiransa suka ɗauka. Tarin da ɗaya daga cikinsu, Ulisse Aldrovandi, ya fara a wajen 1551 yana nan a Jami'ar Bolonya har yau. Da farko ɗinke takardun ake yi su zama littafi. Carl Linnaeus na Suwidin, a ƙarni na 18, shi ya yaɗa al'adar barin kowace takarda ita kaɗai, domin a iya sauya mata wuri idan ilimi ya ƙaru. Yau akwai irin waɗannan ma'ajiyu sama da 3,000 a duniya, suna riƙe da samfura kusan miliyan 400.

A lardin KwaZulu-Natal, babbar ma'ajiyar jami'a tana garin Pietermaritzburg. Ta samo asali ne a 1910, shekarar da John William Bews, wani matashi ɗan tsibiran Orkney na Sikotilan, ya zo ya zama farfesan ilimin tsirrai na farko a sabuwar kwalejin Natal, wadda ta haifi Jami'ar KwaZulu-Natal ta yau. Bews ya wallafa jerin tsirran Natal da Zululand a 1921, daga baya kuma ma'ajiyar ta ɗauki sunansa. Samfuran da ke cikinta sun haura 100,000. A rubuce-rubucen masana ana ambatonta da haruffa biyu, NU. Duk inda aka ga waɗannan haruffa bayan sunan mai tarawa da lambarsa, an nuna wa mai karatu ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan yana so ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

A gindin itaciya

A fili ko a saura, tsiro yana gabanka, ka durƙusa ka cire. Kurmi ba haka yake ba. Furen da ake nema yana can ƙololuwar itaciya mai tsawon mita 20 ko 30, kuma ganye kaɗai ba ya wadatarwa, domin itatuwan kurmi da yawa ganyensu kusan iri ɗaya ne, kore mai duhu, mai santsi, mai tsini a baki. Fure da 'ya'ya su ke raba gardama. Shi ya sa gwanin tarawa yakan dubi ƙasa kafin ya ɗaga kai. Furen da ya kakkaɓo, ƙwallon da biri ya ci ya yar, ƙamshin da iska ta kawo, ƙugin ƙudan zuma a sama, su ke gaya masa wace itaciya ce ke fure yau. Sai ya ɗaga doguwar sanda mai almakashi a kai, ya ja igiya, reshe ya faɗo. A nan akwai tarko da ke kama sabon shiga: reshen da ya faɗo yana iya zama na wani tsiro mai yaɗo da ya nannaɗe itaciyar, ko na maƙwabciyarta da ta cusa kai cikinta. Idan aka haɗa furen wannan da ɓawon waccan a takarda ɗaya, an shuka ruɗanin da zai wahalar da mutane shekara da shekaru. Gwani yakan bi reshen da ido tun daga tsini har inda ya fito a jikin uwarsa, sannan ya yanka.

Wasu tsirran kuma sai mai haƙuri. Akwai wani ɗan tsiro, Isoglossa woodii, da ke rufe ƙasan kurmin bakin teku. Yakan yi shekara 4 zuwa 7 ba fure, sannan duka su yi fure lokaci guda, su zubar da iri, su mutu. Wanda ya zo a shekarar da ba ta dace ba, da ganye kawai zai koma. Akwai kuma itatuwan da namiji daban yake, mace daban, sai an samo biyun kafin a ce an san su.

Ana yanke reshen da zai cika takarda, mai tsawon santimita 30 zuwa 40, da ganyensa a jiki, domin a ga ko suna fuskantar juna ne ko ɗaya na bin ɗaya. Idan itaciyar tana da yalwa, akan yanki uku ko huɗu daga jikinta, domin a aika wa wasu ma'ajiyu. Idan kuwa tsiron bai da yawa a wurin, mai mutunci yakan ɗauki kaɗan ko ya haƙura da hoto. Ba a shiga kurmin da doka ta kare sai da takardar izini.

Daga nan sai littafin aljihu, kuma a nan ne ake gane ƙwararre. Duk abin da bushewa za ta tafi da shi dole a rubuta shi yanzu. Farin fure zai koma ruwan ƙasa, ƙamshi zai tashi, tsawon itaciya ba zai shiga takarda ba. Don haka mai tarawa yana rubuta launin furen da na 'ya'yan, ya murje ganye ya sansana, ya ɗan sassaƙi ɓawo ya ga launin cikinsa, ya lura ko farin ruwa mai kama da madara ya fito ko ƙaro, ya faɗi ko a inuwa take ko a bakin kurmi, a kan dutse ko a gefen rafi, da itatuwan da ke kewaye da ita. Idan mutumin wurin ya faɗi sunanta da Zulanci ko harshen Xhosa, da maganin da take yi, wannan ma ya shiga. A da, sau da yawa ba a rubuta sunan ɗan gari da ya nuna hanya ya kuma ba da ilimin ba, kuma wannan tauye haƙƙi ne da masu sana'ar na yau ke ƙoƙarin gyarawa. Sai kwanan wata da wurin. Tun shekarun 1970 masanan Afirka ta Kudu suka raba taswirar ƙasarsu gida-gida, kowane gida kwatan digiri, domin kowane samfuri ya san mazauninsa. Yau na'urar GPS ta ƙara daidaita abin.

A kan komai akwai lamba. Kowane mai tarawa yana da jerin lambobinsa da yake farawa daga 1, ya yi ta bi har ƙarshen rayuwarsa, ba ya maimaita lamba. Sunansa da lambar su ne shaidar samfurin a duk duniya. Kuma a gindin itaciyar ake wannan rubutu. Abin da aka bari sai dare, rabinsa ya zube a hanya.

Matsi da bushewa

Kayan matsin ba su da tsada: katako biyu masu raga-raga, tsofaffin jaridu, takarda mai shan ruwa, kwali mai ramuka a ciki, da maɗauri biyu. Gwanintar tana cikin yadda ake kwantar da reshen. Ana buɗe jarida, a shimfiɗa shi, a raba ganyen kada su hau juna. Sai a juya ɗaya ko biyu su kwanta rigingine, domin da zarar an manna samfuri ba a sake juya shi, alhali a bayan ganye ne ake ganin gashi da jijiyoyi da ƙananan ramuka da ke bambanta nau'i da nau'i. Idan ganye ya yi yawa ana rage shi, amma a bar guntun sandarsa domin mai dubawa ya san akwai ganye a wurin. Ana buɗe fure ɗaya a nuna cikinsa. Babban ganye a naɗe gefensa, doguwar kara a tanƙwara ta sau biyu ko uku, ɗan itace mai kauri a yanka shi a tsaye da kwance. Ana rubuta lambar a jikin jaridar, a rufe, a ɗora kwali, a ɗauko na gaba. Idan tulin ya cika sai a danne shi da gwiwa a ja maɗauri.

Washegari ƙwararre yakan sake buɗewa. A lokacin ganye ya yi laushi amma bai yi ƙarfi ba, duk inda aka sa shi nan zai zauna. Wannan ita ce damar ƙarshe ta miƙar da abin da ya lanƙwashe, ko fito da furen da ya ɓuya. Mai gaggawa yakan tsallake wannan mataki, kuma takardarsa takan tona masa asiri ko bayan shekara 50.

Babban maƙiyi a kurmi shi ne danshi. A busasshiyar ƙasa kwana kaɗan sun isa, amma inda iska ke ɗauke da ruwa, idan aka yi sake fumfuna ta kama, ganye ya yi baƙi ya kakkaɓe daga reshe. Dole a busar da sauri, amma kada a dafa. Ana sauya jiƙaƙƙun takardu kullum, ko a kafa matsin a kan gefensa bisa ɗumi mai sauƙi, iska mai zafi ta bi ta ramukan kwalin ta fita da danshi. Tuli yana bushewa yana saki, sai a ƙara jan maɗauri, in ba haka ba ganye ya yamutse. Yadda ake gane ya gama kuwa, a taɓa shi: wanda ya bushe yana da ƙarfi kuma ba ya sanyi a hannu. Tsirrai masu kaurin jiki da ke riƙe ruwa sukan ci gaba da tsiro a cikin matsi, sai an fara kashe su da tafasasshen ruwa ko ƙanƙara. Idan tafiya ta yi nisa babu wurin busarwa, ana jiƙa tulin da sifirit a ƙulle a leda, dabarar da ake jinginawa ga Bajamushen nan Georg Schweinfurth, wanda ya yi yawon binciken tsirrai a Afirka a ƙarni na 19. Dabarar tana hana ruɓewa, sai dai tana ɓata launi da ƙwayoyin gado da ke cikin ganyen. Shi ya sa masu tarawa na yau ke cire ɗan guntun ganye su sa a cikin ƙwayoyin silika masu shanye danshi, su ajiye don awon DNA. Furanni masu laushi da matsi zai lalata siffarsu ana ajiye su a kwalba cikin ruwan magani.

Daga firiza zuwa kabad

Samfuri ba ya shiga ɗakin ajiya kai tsaye. Sai ya yi kwanaki a firiza, a sanyin da ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili, domin kashe ƙwari da ƙwayayensu. Wanda aka fi tsoro shi ne wani ɗan ƙwaro da ke cin busasshiyar taba, wanda yake iya mayar da fure gari a cikin rufaffen kabad ba a sani ba. Magabata guba suke shafawa, har da mai sinadarin makuri, shi ya sa ake taka-tsantsan da tsofaffin takardu.

Sai mannawa. Takardar ta musamman ce, mai kauri, marar sinadarin da ke sa takarda ta yi ja ta karye, tsawonta kimanin santimita 42. Mai mannawa yana gwada kwanciyar reshen kafin ya taɓa gam, yana neman fuskar da ta fi nuna fure da 'ya'ya. Yana ɗaure kara da siraran tsummoki masu gam, reshe mai kauri kuma ya ɗinke shi da zare da allura. Takardar bayani tana zama a kusurwar ƙasa ta dama. Duk iri ko fure da ya karye ya faɗi ba a share shi, ana sa shi a ɗan ambulan a liƙa a gefe, domin da shi masani zai yi aiki ba tare da ya taɓa na manne ba. Ba a jujjuya waɗannan takardu, a kwance ake ɗaukar su da hannu biyu. Samfurin da aka yi wa haka, aka tsare shi daga ƙwaro da danshi da wuta, zai yi ɗaruruwan shekaru.

Saura suna. Masani yakan ɗauki busasshen fure ɗaya daga ambulan, ya ɗan tafasa shi har ya yi laushi ya buɗe, ya sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ya feɗe shi da allura, ya ƙirga sassansa. Sai ya ciro fayil ɗin danginsa ya gwada da waɗanda aka riga aka sani. Idan ya gamsu, ya rubuta sunan a wata 'yar takarda, da sunansa da shekara, ya liƙa. Bayan shekara 30 wani yana iya zuwa ya ga ba haka ba. Ba zai goge na farko ba. Zai liƙa tasa a sama da ita, kamar yadda malamanmu ke rubuta sharhi a gefen littafi ba tare da sun taɓa matani ba. Wanda ya zo daga baya zai ga duk ra'ayoyin, ya ga reshen, ya yanke nasa hukunci. Wannan ladabi na ilimi yana daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a sana'ar.

Idan kuwa aka bincika ko'ina ba a sami irinsa ba, to sabon nau'i ne. Wanda zai raɗa masa suna dole ya ayyana samfuri ɗaya da sunan zai rataya a kansa har abada, ya faɗi ma'ajiyar da yake. Irin wannan samfuri akan sa shi a fayil mai jan baki, kuma shi ne mafi daraja a ɗakin.

Abin da aka samu

Olive Hilliard, haifaffiyar Durban, ta yi shekaru tana kula da ma'ajiyar Pietermaritzburg. Tun shekarun 1960 ta haɗa kai da Brian Burtt na lambun sarauta na Edinbara, suka bi kwazazzabai da tsaunuka suna tara samfura dubbai. A 1971 suka fitar da babban littafi a kan jinsin Streptocarpus, ganyayen da ke maƙale a jikin duwatsu masu danshi a inuwar kurmi, masu kwanson iri a murɗe. Wasunsu ganye ɗaya tak suke yi duk rayuwarsu, ya yi ta girma daga gindi, su yi fure sau ɗaya su mutu. Ɗaya daga cikinsu, Streptocarpus wendlandii, mai ƙaton ganye da bayansa ja ne mai duhu, a kurmin Ongoye kaɗai yake fitowa. Ba yadda za a iya cewa “kaɗai” sai bayan an jera samfura daga kowane kurmi an gwada su ɗaya bayan ɗaya.

A kudu kuma, a ƙasar Pondo, koguna irin su Mtamvuna da Mtentu da Msikaba sun yanka zurfafan kwaruruka a cikin dutsen yashi, kurmi ya cika su. Wani manomi da ke zaune kusa da Port Edward, Tony Abbott, wanda ba jami'a ce ta koya masa ilimin tsirrai ba, ya yi shekaru yana sauka cikin waɗannan kwaruruka yana matso rassa da bayani mai kyau. Samfuransa suka riƙa isa hannun Farfesa Braam van Wyk na ma'ajiyar Jami'ar Pretoria. Daga wannan haɗin gwiwa aka gano itatuwan da ilimi bai san da su ba, har wasu suka ɗauki sunansa, irin su Maytenus abbottii da Apodytes abbottii. Tarin irin wannan shaida ne ya tabbatar da cewa ƙasar Pondo cibiya ce ta tsirran da babu su a wani wuri. Manomi ya kawo ido da ƙafa, jami'a ta kawo kabad da madubi.

Kurmi kuma yana rasa abin da ke cikinsa. A 1895 John Medley Wood, mai kula da lambun tsirrai na Durban, ya ga wani kututture mai rassa huɗu a gefen kurmin Ongoye, na wani tsohon dangin itatuwa masu kama da dabino. Aka sa masa suna Encephalartos woodii. Namiji ne, kuma har yau ba a taɓa samun macensa ba. Zuwa 1916 an kwashe na ƙarshe daga dajin, duk waɗanda ke lambunan duniya yanzu daga jikin wancan ɗaya aka ɓalle su. Gonakin rake da na katako da gine-gine sun cinye kurmin bakin teku mai yawa. Idan wuri ya zama gona, takardar da aka matse a can ita ce ke shaida abin da ya taɓa tsirowa. Lokacin da Afirka ta Kudu ta fitar da jerin tsirranta da ke cikin haɗari a 2009, bayan ta auna sama da nau'i 20,000, bayanan ma'ajiyu na daga cikin ginshiƙan aikin.

Har kasuwa tana amfana. Masu maganin gargajiya a Durban suna sayar da sassaƙe iri-iri, ciki har da na unukani da isibhaha, itatuwa biyu da yawan ɓare musu ɓawo ya jefa cikin haɗari. Ba a iya sanin wace itaciya ce ke ƙarewa sai an haɗa sassaƙen kasuwa da itaciyar daji, an haɗa itaciyar da sunan da kowa zai gane, kuma samfuri ne ke ƙulla wannan zumunci.

Da tsohuwar zuma ake magani

Mai matse reshe ba ya sanin tambayar da za a yi wa aikinsa. A 1987 Ian Woodward na Jami'ar Kembirij ya ƙirga ƙananan ƙofofin numfashi a jikin tsofaffin ganyayen ma'ajiya, ya ga sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a shekaru 200, yayin da iskar kabon ke ƙaruwa a sama. Waɗanda suka tara ganyen ba su taɓa jin labarin sauyin yanayi ba. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa kashi 16 cikin 100 kawai na sababbin tsirrai ake raɗa wa suna cikin shekara 5 da tara su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma sai sun haura shekara 50 a kabad. Ma'ana, da yawa daga tsirran da ake cewa ba a gano ba suna kwance a fayil, suna jiran mai ido.

Al'adar raba samfura ma ta nuna amfaninta a rana mafi muni. A watan Maris na 1943 bama-bamai suka faɗa wa ma'ajiyar tsirrai ta birnin Balin, wuta ta cinye mafi yawan tarinta, har da samfuran da sunayen tsirran Afirka da dama ke rataye a kansu. Abin da ya rage wa masana shi ne 'yan'uwan waɗannan samfura da aka taɓa aikawa Landan da Faris da sauran wurare. Yau ana ɗaukar hoton takardu ana sa su a intanet, ɗalibi a ko'ina ya duba daga kwamfutarsa. Wannan alheri ne babba. Sai dai hoto ba a tafasa shi, ba a feɗe shi, ba a ciro DNA daga jikinsa.

Mu ma sana'ar ba baƙuwarmu ba ce. J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ma'ajiyar gandun daji ta Ibadan tana nan tun 1942, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano kowace tana da tata. Duk ɗalibin da ya yi bincike a kan maganin gargajiya ya san sai ya kai ganyensa can an tantance an ba shi lamba, domin suna ɗaya yakan hau tsiro biyu a garuruwa daban-daban.

Abin damuwa shi ne, ana raina wannan aiki har a ƙasashe masu arziki. A watan Fabrairun 2024 Jami'ar Duke ta Amurka ta sanar cewa za ta rabu da ma'ajiyarta mai samfura sama da 800,000, masana a duniya suka yi ta ƙorafi. Kabad dai ana iya kai shi wani gari. Abin da ba ya shiga mota shi ne gwanintar: idon da ke gane dangin itaciya daga murje ganye, hannun da ya san lokacin da reshe ya bushe, halin da ke hana mutum rubuta abin da bai gani ba. Waɗannan ba a samun su a lacca ɗaya, sai an zauna shekaru kusa da wanda ya iya, an bi shi daji an dawo. Idan tsofaffin gwanaye suka yi ritaya babu magaji, takardu za su zauna babu mai karanta su, kurmi kuma ya ci gaba da raguwa babu mai rubuta shi. Jami'ar da ta ɗauki mai kula da ma'ajiya aiki, ta saya masa firiza da kabad, ta ba shi mota ya fita daji da ɗalibai biyu ko uku a bayansa, ta yi wa ƙasarta hidimar da jikoki za su ci moriyarta.